Ra'ayina kan hukumar da ta shirya mu ta tura mu aikin mishan, ni da maigida, bayan mun yi ritaya

Wannan rubutun na 'yan uwa ne da suka ajiye aiki, yara sun girma kowa ya kama gidansa, zuciya kuma tana ta ce musu su fita su yi wa Ubangiji hidima a wani wuri tun da sauran ƙarfi. Mu mun je mun dawo, ni da maigida, ta hannun wata hukumar mishan da ke da sashe na musamman na dattawa ma'aurata, su ne suke tantance mutum su horar da shi su nemo masa biza su kuma riƙa bibiyarsa har ya gama. Ba zan kama sunansu ba domin akwai yabo akwai kuma ƙorafi a abinda zan faɗa, kuma abinda nake so a ɗauka shi ne abin dubawa a kowace hukuma irin wannan. In da tauraro ake bayarwa to a ɓangaren lafiya da takardu zan ba su biyar cif, a ɓangaren kula da zuciyar mutum da zaman aurensa kuwa biyu ma da ƙyar, kuma zan faɗi dalili.

Farkon abin fom ne, dogo sosai, sai hira da mu biyun tare sannan aka raba mu kowa aka yi da shi shi kaɗai. Wannan rabawar ta burge ni gaskiya, domin matar da ta yi hira da ni tambayar farko da ta yi min ita ce, Mama, ke kike son tafiyar nan ko Baba kike bi? Ta ce sun sha ganin inda mutum ɗaya ne ya ji kira ɗayan kuma kunya ce ta hana shi cewa a'a, kuma irin waɗannan su ne ke neman komawa gida tun ba a yi nisa ba. Sun tambayi bashi, sun tambayi ko akwai iyaye tsofaffi da ke hannunmu, ko akwai ɗa ko jika da mu ne ke riƙe da shi, sun nemi takarda daga faston ikkilisiyarmu, kuma ba karɓa kawai sukai suka ajiye ba sun kira shi a waya. Ba wanda ya yi mana kallon mun tsufa da yawa. Shugaban sashen ma da kansa ya tuna mana Ibrahim yana da shekara 75 ya bar Haran, Musa yana da 80 ya tsaya gaban Fir'auna, Kalibu kuma yana da 85 yake neman a ba shi ƙasar tuddai, amma nan take ya ƙara da cewa duk da haka sai likita ya sa hannu, toh nan na san da mutane masu hankali muke magana.

Ɓangaren lafiya shi ne inda suka fi ƙwarewa kuma nan zan daɗe, domin dattijo ba ya tafiya shi kaɗai, da ciwukansa yake tafiya. Maigida yana da ciwon suga yana allurar insulin, ni kuma hawan jini ga gwiwa. Nas ɗinsu ta ce mu kwaso duk wani magani da ke gidan mu zo da shi, harda wanda muke ganin ba komai ba ne. Ta baje su kan tebur ɗaya bayan ɗaya tana juya kwalin tana karanta ƙananan rubutun nan na ƙasa, sai ta ɗauko takarda ta raba gida uku, sunan da kamfani ya sa, ainihin sunan maganin, da ƙarfinsa. Ta ce Mama in kin je can kika ambaci sunan kamfani mai kemis zai ce bai san shi ba, amma in kika ce amlodipine ko metformin ko'ina a duniya an san su. Ta ware wani maganin ciwon gwiwa da nake sha gefe guda ta ce wannan akwai codeine a ciki, shi da tramadol akwai ƙasashen da ba a shiga da su sai da izini tun kafin a taso, kamar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kuma jirage da yawa ta can suke yada zango, don haka a koma wurin likita ya canza min wani. Sannan ta juya kan insulin, ta ce wanda ba a buɗe ba firij yake so tsakanin digiri 2 zuwa 8, wanda aka fara amfani da shi galibi yana kai kwana 28 a ɗaki in zafi bai wuce digiri 30 ba, kuma ko kusa kar a saka shi cikin akwatin da za a jefa ƙarƙashin jirgi domin can yana iya daskarewa, insulin kuwa in ya daskare ya tashi aiki ko da ya narke ya koma kamar lafiyarsa ƙalau. A jakar hannu zai zauna tare da wasiƙar likita. Ta sa aka yi wa maigida gwajin sugan nan da ke nuna na wata uku, aka duba idonsa da ƙafafunsa, ta tura mu wurin likitan haƙori ta ce duk wanda ke girgiɗi a gama da shi yanzu, ta ce kowa ya yi tabarau biyu ya kuma riƙe takardar awon idonsa. Duk wannan ba da gaggawa ta yi ba, zama tai da mu kamar iyayenta, in maigida bai ji ba ta maimaita ba tare da ta ɗaga murya irin yadda wasu ke yi wa tsoho ba.

Allurar rigakafi ita ce ta sa na gane dalilin da suke cewa a fara shiri da wuri. Ta ciwon hanta nau'in B sau uku ake yi, ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku sai wata na 6, kenan wanda ya zo musu saura wata biyu ya tashi ya riga ya makara. Ta tetanus ana sabuntawa duk shekara 10, ga ta nimoniya da ake so masu shekaru su yi. Ƙasar da aka tura mu tana neman katin allurar cutar shawara, katin nan ruwan ɗorawa, kuma allurar sai ta kwana 10 a jiki kafin katin ya fara aiki. Mu muna da namu tun da daɗewa duk ya tsufa ya yi laushi, maigida har ya ce a yi mana sabuwa kawai a huta, nas ta ce a'a Baba, tun watan Yuli na 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da katin nan na har abada, allura ɗaya ta isa, kuma wanda ya haura shekara 60 ba a gaggawar yi masa ita domin haɗarin ta yi masa illa ya fi na matashi, sai likita ya auna. Ta saka katunan a leda ta ce mu haɗa su da fasfo. Wani wurin da kawai tsira mana allurar za a yi a sallame mu.

Takardu ma ba laifi. Sun duba fasfo suka ce ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda ya rage ƙasa da wata 6 ya mutu, mu kuma tunda zama za mu yi sai ya wuce ranar dawowa da nisa, nawa dole aka sabunta. Sun ƙi yarda sam mu shiga da bizar ziyara mu je muna aikin addini a ɓoye, suka ce ba za a fara aikin Allah da ƙarya a bakin iyaka ba, aka bi doguwar hanya, takardar gayyata daga ikkilisiyar can, takardar aure da aka buga mata hatimi, takardar 'yan sanda ta shaidar ba mu da laifi, in an isa kuma a nemi izinin zama. Ya ɗau lokaci har na fara ƙosawa amma ko sau ɗaya ba a tsare mu a wani ofis ba a duk zamanmu. Abinda ban taɓa kawowa a raina ba su suka kawo shi, wato abinda za a bari a baya. Suka haɗa mu da lauya aka rubuta takardar wakilci wa babban ɗanmu don banki da gida, aka ce kowa ya sabunta wasiyya, aka ce mu je ofishin fansho mu tambaya yadda za a yi da tantancewar nan ta cewa mutum yana raye, domin in lokacinta ya zo ba ka nan sai a tsayar da kuɗin, kai kuma da shi ka dogara a can. Harda layin waya suka yi magana, cewa in banki na turo lambar sirri ta layin gida to a tabbata layin bai mutu ba. Ƙananan abubuwa ne amma su ne ke hana mutum barci a ƙasar wasu.

Ƙorafina na farko inshora ce. An ce mana akwai inshorar lafiya ta rukuni da kowa ke shiga, muka saki jiki, sai dab da tafiya da aka turo cikakkiyar takardar maigida ya zauna da tabarau ya bi ta layi layi, akawu ne dama ba ya sa hannu a abinda bai karanta ba, sai ga shi a ciki ƙarara cewa ciwon da mutum ya riga yake da shi kafin ya shiga ba ya cikin abinda za su biya. To dattijo in ka cire suga da hawan jini da abinda suke haifarwa me ya rage? Ga kuma wani sashe da ke rage abinda ake biya in mutum ya kai wasu shekaru. Wannan abu ne da ya kamata a faɗa ranar farko baki da baki, tunda sashen na dattawa ne kuma sun san kusan kowa da nasa ciwon. Da muka yi magana sun ba da haƙuri sun taimaka aka ƙara wata a kai wadda ta haɗa da ɗauko mara lafiya a jirgi in abin ya yi tsanani, amma nauyin ya faɗo mana a lokacin da mun riga mun gama lissafi. Duk mai shirin tafiya ya nemi takardar inshorar nan tun kafin ya cike fom, ya nemi wurin da aka yi maganar tsohon ciwo ya karanta da idonsa.

Sai kwas ɗin horo da aka tara mu da sauran ma'aurata. Darasin al'ada ya yi kyau, malamin ya yi bayanin abinda wani masani Kalervo Oberg ya rubuta tun 1960 a wata mujalla ta 'yan mishan, cewa baƙo yakan fara da ɗoki komai na burge shi, daga baya komai ya koma ba shi haushi, sannan a hankali ya fara sabawa, ya ce in kun kai matakin haushin nan kar ku ce kiran ne ya ƙare ko shaiɗan ne, hanya ce kowa na bi ta nan. Wannan maganar ta riƙe ni sosai daga baya. Harshe kuwa nan ne suka yi mana alkawarin da ba zai yiwu ba. Faransanci ake yi a inda za mu ga kuma yaren gida, aka ce wai kafin mu tashi za mu iya hira. Ita kanta makarantar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta taɓa ƙiyasta awa 600 zuwa 750 na zaman aji kafin mai jin Turanci ya iya aiki da Faransanci, su kuma wannan ne aikinsu safe da yamma, ina ga mu da ke fama da mantuwa ga kunne ya fara nauyi. Malamar yarinya ce mai kirki amma gudu take irin na 'yan jami'a, rubutun allo ƙanana, ba ta maimaitawa. Da sun ce mana gaskiya, za ku tafi da gaisuwa da lissafi da addu'a da yadda za ku ce ba ku da lafiya, sauran a can za ku tsinta, da hankalinmu ya fi kwanciya, domin akwai wata baiwar Allah a ajin da ta kusa fasa tafiyar tana ganin ita ce ba ta da kai. Abu ɗaya da suka yi daidai shi ne kati da suka buga wa kowa da Faransanci aka lulluɓe da roba, sunan mutum, ciwonsa, maganinsa, da abinda za a yi masa in ya faɗi.

Ƙorafin da ya fi ci min rai shi ne yadda aka ɗauki mace a tsarin. Duk da tambayar nan mai kyau da aka yi min ranar hira, da takardar aiki ta fito sai na ga maigida an rubuta masa aikinsa dalla dalla, zai riƙe littattafan kuɗi na ƙaramin asibitin ikkilisiya ya kuma horar da wanda zai gaje shi, ni kuwa a gaban sunana an rubuta za ta taimaka inda ake bukata. Na shekara da shekaru ina koyarwa a aji, na koya wa manya karatu, duk na rubuta a fom ɗin, ba wanda ya duba. Na tambayi sauran matan ashe duk haka aka yi musu, harda wadda ungozoma ce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mace in ta isa ƙasar da ba ta jin harshe ba ta san kowa ba, miji ya fita da safe yana da inda za shi ita kuma tana zaune tana kallon bango, kewar jikoki za ta cinye ta, kuma ita ce za ta fara cewa mu koma. A Ayyukan Manzanni sura 18 Akila da Bilkisu tare suke sana'ar ɗinkin tanti tare suka zaunar da Afolos suka ƙara fahimtar da shi, ba a ce ɗaya rakiya ya yi ba. Na faɗa wa shugaban sashen haka a gaban kowa cikin ladabi, na ce ranka ya daɗe mu biyu kuka tantance mu biyu kuka yi wa allura to ku ba mu aiki mu biyu. Ya karɓa da kyau ya rubuta wa mutanen can, kafin mu isa an shirya min ajin karatu na mata, amma ai bai kamata sai mace mai baki ce za ta samu ba, masu kawaici fa?

Tafiyar kanta ba matsala, sun nema mana kujerar bakin hanya don a riƙa tashi ana taka ƙafa, sun sa mun sayi safar nan mai matse ƙafa saboda zaman jirgi da ya wuce awa 4 yana iya sa jini ya daskare a jijiya, sun rubuta wa maigida yadda zai gyara lokacin allura saboda bambancin agogo, sun kuma nemi keken guragu a filin da za mu canza jirgi saboda gwiwata. Muna sauka akwai mai jiranmu riƙe da kwali da sunanmu.

Amfanin duk wahalar nan ta shiri na gan shi wani dare. Ranar maigida ya yi tafiyar ƙasa mai nisa zuwa wani reshe ya dawo a gajiye bai ci abin kirki ba ya yi allura ya kwanta. Cikin dare na ji katifa ta jiƙe, na kunna tocila na ga zufa ta wanke shi hannunsa na rawa, ina ce masa Baba, Baba, yana kallona yana magana ba kan gado. Na ɗauko na'urar gwajin suga na soki yatsarsa, lambar ta yi ƙasa da 70 sosai. Abinda nas ta sa muka maimaita har ya zauna shi ya zo min, in yana iya haɗiya a ba shi suga gram 15 a jira minti 15 a sake gwadawa, in ba ya iya haɗiya kar a ɗura masa komai a nemi asibiti. Na jiƙa suga a kofi na tallafo kansa yana kurɓa, na ɗauki katin nan na roba na buga ƙofar maƙwabcinmu, ban da kalma ko ɗaya a bakina a lokacin duk Faransancin ya gudu, miƙa masa kawai nai. Ya haska ya karanta, bai tambaye ni komai ba ya ɗauko makullin mota ya tsaya a bakin ƙofa yana jira. Kafin a sake gwadawa karo na biyu maigida ya dawo hayyacinsa yana tambaya me ya tara mutane. Da safe na kira lambar gaggawa ta hukumar, likitansu ya kira mu da kansa ya rage masa allurar ranakun da zai yi tafiya. Saboda daren nan kaɗai ba zan taɓa ce wa wani kar ya bi ta hannunsu ba.

Aikin kuwa, abinda ya ba ni mamaki shi ne furfurar da muke ganin ita ce cikas ita ta buɗe mana ƙofofi. Matasan 'yan mishan da ke wurin sun fi mu harshe sun fi mu ƙarfi amma akwai maganar da ba a kai musu. Mu kuwa ba mu daɗe ba aka fara ƙwanƙwasa mana ƙofa da yamma, miji da mata sun yi faɗa, uwa da ɗanta ya bar gida, mai makoki da ke son wanda zai zauna kusa da shi kawai. Da tafinta muke yi wani lokacin ma ba tafinta, a zauna a yi addu'a kowa da harshensa. Ajina na mata ya fara da 'yan kaɗan, akwai wata dattijuwa sa'ata da ba ta taɓa riƙe fensir ba, hannunta ya saba da aikin ƙarfi har tana huda takarda in ta danna, ranar da ta rubuta sunanta ba tare da na riƙe mata hannu ba ta ɗaga takardar tana nuna wa kowa tana kirana 'yar uwa. Su kansu matasan 'yan mishan gidanmu ya zama wurin da suke zuwa su yi kuka in abin ya ishe su, suna ce mana Mama da Baba. Maigida ya tarar da littattafan asibitin a hargitse, bai yi wa kowa faɗa ba ya zauna da yaron da aka ba shi suka bi rasit ɗaya ɗaya, kafin mu taho yaron shi ke rufe lissafin wata da kansa. Hukumar ta dage a kan wannan tun a kwas, cewa duk abinda ka je yi ka koya wa ɗan wurin, domin kai baƙo ne za ka tafi, kuma na yarda da su ɗari bisa ɗari.

Abinda ba su taɓo ba ko da minti ɗaya a kwas shi ne zaman mu biyu. Mutanen da suka shekara arba'in kowa na fita aikinsa, ga yara ga 'yan uwa ga maƙwabta, sai ga su a ɗaki biyu ba mai jin harshensu sai junansu, dare da rana. Harshe da haƙori ma ana saɓawa balle haka. Lokacin da matakin haushin nan ya zo a kan juna muka sauke shi, abin da bai kai ya kawo ba sai ya zama magana, kuma ba ka da ƙawa ko 'yar uwa da za ka je wurinta ka huce. Akwai mai kula da mu daga hukumar da ke kiran bidiyo ta WhatsApp lokaci lokaci, mutumin kirki ne amma tambayoyinsa na rahoto ne, mutum nawa suka zo aji, an rufe lissafi, lafiya dai ko, kuma kullum mu biyu yake haɗawa a kira ɗaya, to wa zai ce komai? Waɗanda suka taimake mu wasu dattawa ne ma'aurata da suka riga mu zuwa ƙasar, matar ta ja ni gefe ta ce ki ware yini ɗaya a mako da ba aiki ba baƙi, kuma kowa ya samu awa ɗaya tasa shi kaɗai kullum ko da zama ne a inuwa da Littafi Mai Tsarki. Mun bi kuma mun ga amfaninsa. Hukuma mai sashen ma'aurata ya kamata a ce tana da mace da ke kiran matan su kaɗai, da namiji mai kiran mazan.

Haka ma maganar gida. Muna can aka yi mana rasuwa ta kusa, muka tambaya ko ɗayanmu zai iya zuwa ya dawo, sai aka shiga kai da kawo domin ba rubutacciyar ƙa'ida, wannan ya ce sai an tambayi wancan, kafin amsa ta zo an riga an yi jana'iza. A shekarunmu rasuwa da haihuwar jika ba abin mamaki ba ne, abu ne da za a zauna a rubuta tun farko, wa zai biya tikiti, kwana nawa aka yarda, me zai faru da izinin zama in an fita. Sannan tsawon zaman ma zaɓinsu kaɗan ne. Cocin nan da aka fi sani da Mormon dattawansu suna zaɓar wata 6 ko 12 ko 18 ko 23, ba ɗariƙarmu ɗaya ba amma wannan tsarin yana da hikima, domin akwai ma'auratan da wata 6 za su iya bayarwa da zuciya ɗaya, in ka ce sai dogon zama ka rasa su gaba ɗaya. Dawowa kuma ita ce suka fi sakaci da ita. An tarbe mu an yi addu'ar godiya an karɓi rahoto shikenan. Ba wanda ya gaya mana cewa gida ma zai zame mana baƙo, jikoki sun girma sun saba da rashinmu, a ikkilisiya an ba wasu ayyukan da muke yi, mutane su tambaye ka yaya hanya kafin ka buɗe baki sun wuce. Maigida ya yi makonni ba ya son fita. Gwajin lafiya na bayan dawowa ma mu muka nema da kanmu.

To wa zan ce ya je wurinsu? Ma'auratan da dukansu biyu suke so, ciwonsu yana ƙarƙashin kulawa, ba su bar wani da ke dogara da su kaɗai ba, kuma suna da abin hannun da za su riƙe kansu ba tare da sun ɗora wa yara nauyi ba. Wanda aka yi wa aikin zuciya kwanan nan ko mantuwa ta fara yi masa yawa gara ya yi hidimarsa kusa da likitansa, su ma hukumar ba za su karɓe shi ba kuma daidai ne. In kun je hira ku tafi da tambayoyinku a rubuce, takardar inshora, aikin matar a rubuce da sunanta, ƙa'idar zuwa gida in an yi rasuwa, nisan asibiti mafi kusa da ke da likita da daddare, ko akwai wuta tsayayya don firij in kuna da insulin, da abinda suke yi wa mutum bayan ya dawo. Ku kuma ce su haɗa ku da wasu ma'aurata da suka je suka dawo ku yi magana da su ba a gaban ma'aikatan hukumar ba, matar ta kira matar, mijin ya kira mijin. Mun rubuta musu duk ƙorafin nan a takarda mun sa hannu mu biyu, sun amsa cewa sun gyara fom ɗin aiki yanzu kowa da shafinsa, maganar inshora kuma an mai da ita ranar farko, na ƙa'idar zuwa gida da kula da waɗanda suka dawo sun ce yana gaban kwamiti.